Takalman Mama Fasto

Jiya da la'asar muka raba kayanki.
Yaya Dabora ta ɗauki zannuwan,
majami'a ta karɓi farar rigar
da Littafin da gefensa ya yi baƙi da yatsunki.
Ni na ce a bar mini takalman.

Na roba ne, sayen kasuwar Fitowa.
Na hagu ya fi cinyewa ta dunduniya,
don kina jan ƙafar nan
tun faɗuwar da kika yi a babur a hanyar Lagdo,
shekarar ambaliya,
za ki binne yaron da ba ki taɓa gani ba.

Rahila Maiwore, 'yar Tuburi daga Dukula,
kin iso Garwa da goyo a baya, da wani a ciki,
kwano uku, tabarma ɗaya.
Wa'azi da Fulatanci,
ciniki da Hausa, har mai kifi ya ce kawo kuɗin,
faɗa kuwa sai da harshen kakanninki,
mu na cikin gida kaɗai muka san yajinsa.

Ranar da aka ɗora miki hannu
dattawa biyu suka tashi suka fice,
wai mace ba ta tsayawa gaban bagadi.
Ko kanzil ba ki ce ba.
Wata bakwai, ciwo ya kwantar da ɗaya,
ke ce mai kai masa kunun gyaɗa,
ki tallafe kofin har ya shanye.
Ɗayan bai taɓa dawowa ba.
Kin ci gaba da gaishe shi a hanya, shekara goma sha ɗaya.

Bari in faɗa, tunda ba kya nan balle ki harare ni:
na ji haushin jama'arki.
Kowa Mama, kowa Mama,
mashayi, gwauruwa, lebura daga ma'aikatar auduga,
ni da na sha nononki sai na bi layi.
Tuwo ya huce a langa muna jira.
Ranar da na ci jarrabawa kina asibiti
a bakin gadon matar wani.
Kwana uku ban ce miki sannu ba.

Daren na huɗu na farka
na ji tafin hannunki a goshina,
da warin man zafin da kike shafa wa gwiwa,
kina kai sunana ƙasa-ƙasa
wurin Wanda kike yi wa aiki.
Na ƙara runtse ido, wai barci nake.
Har kika tafi ban gaya miki na ji ba.

Ranar jana'iza ba masaka tsinke.
Malam Gambo mahauci,
maƙwabcinmu na shekara talatin,
da kuke musu ta kan katanga a kan Annabi Isa
har muryoyinku su dushe,
sannan ya miƙo miki hanta a naɗe cikin takarda,
ya tsaya a waje, gindin darbejiya, har aka tashi.
Ya kama hannuna ya ce,
"To yanzu wa zai yi mini gardama?"
Ya juya da sauri kada in ga idonsa.

Bana Binuwai ta janye da wuri,
yashi ya fito, mata na shanya wanki a kai.
Gari yana ta harkarsa, abin har haushi yake ba ni.

Na ajiye takalman a bakin ɗaki, inda kike tuɓe su.
Da safen nan ƙaramar 'yata, takwararki,
ta zura ƙafafunta ciki,
tana tafe tana faɗuwa, tana tashi,
ta nufi ƙofar gida kamar an aiko kiranta.
Uwarta ta ce a karɓe kada ta ji ciwo.
Na ce ƙyale ta.

Na lura ƙafar hagu take ja.